Maigidana yana so in ƙara kuɗi a rasit: me Kirista zai yi?

Ɗan'uwa, ka ce maigidanka yana sa ka rubuta kuɗin da ya fi na gaskiya a rasit, kuma kana tsoron kora idan ka ƙi. Tsoron naka abin fahimta ne, domin ciyar da iyali ba wasa ba ne, amma a ganina bai kamata ka sa hannu ba.

Ka duba labarin Hananiya da Safiratu a Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 5. Filin da suka sayar nasu ne, Manzo Bitrus kuma ya faɗa wa Hananiya cewa kuɗin yana hannunsa, yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi. Laifinsu shi ne sun kawo wa manzanni wani kashi na kuɗin suna nuna kamar duka ne. Wato ƙarya ce a kan adadi, irin wadda ake nema daga gare ka, Bitrus kuwa ya ce Allah suka yi wa ita, ba mutum ba.

Ba zan yi maka alkawarin cewa aikin zai tsira ba. Shadrak, Meshak da Abednego ma sun gaya wa Sarki Nebukadnezzar cewa ko da Allah bai cece su daga tanderun wuta ba, ba za su yi wa gunkin da ya kafa sujada ba.

Ka sami maigidanka a keɓe, cikin ladabi, ka ce za ka yi kowane aiki da ƙwazo ban da wannan. Ka kuma sanar da fastonka, tun yanzu ka fara cigiyar wani aikin.