Amsa: Me ya sa Yahudawan unguwar Warsaw ba su ɗauki makami tun farko ba?

Malam, ka tambaya me ya hana su tashi tun da wuri. Ka fara duba halin da suke ciki. A Nuwamba 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suka killace Yahudawa sama da 400,000 cikin ƴar unguwa ɗaya a Warsaw, babban birnin Poland, suka zagaye ta da katanga. Abincin da ake rabawa bai isa ya riƙe rai ba. Ƙananan yara ne ke sulalewa ta ramukan katanga, su dawo da dankali ɓoye cikin riga, wasu a harbe su nan take. Wanda yunwa da zazzaɓin taifus suka kayar, ina ƙarfin yaƙi?

Sai da aka kwashe sama da 250,000 zuwa sansanin Treblinka a 1942, labari ya tabbata cewa can kisa ne, ba aiki ba. Daga nan matasa suka shirya. Ranar 19 ga Afrilu 1943, ƴan ɗaruruwa ƙarƙashin Mordechai Anielewicz suka tari sojoji da ƙananan bindigogi da kwalaben fetur. Wallahi abin yana taɓa ni. Kusan wata guda suka riƙe, har Stroop, kwamandan sojojin Jamus, ya koma ƙona gidaje ɗaya bayan ɗaya. Anielewicz ya mutu a maɓoyarsu ta Titin Mila 18, ranar 8 ga Mayu.