Ga 'yar uwar da ta ce hutu na sa ta jin kamar ta yi laifi

'Yar uwa, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce ga koyarwa ga yara huɗu, da kin ɗan kishingiɗa sai zuciyarki ta hau ce miki raguwa, ga kuka babu dalili, har kina tsoron ko raunin imani ne. Wallahi kamar labarina kika zauna kika rubuta.

Ni nawa ya same ni ne a azumin da nake goyon autata. Gidan yawa muke. Ƙarfe 3 na dare nake tashi ɗora sahur na mutum 11, in wuce makaranta, in dawo in hau aikin buɗa-baki. Rannan ina tuƙa tuwo, muciya a hannuna, sai na ga tukunyar ta zama biyu. Na farfaɗo a ƙasa, zanina sharkaf da ruwan da aka yayyafa min, kuma abin da kunnena ya fara ji muryar facalata ce: "Son jiki ne kawai, mu da muka haifi bakwai ba mu faɗi ba." Ko sannu babu. Ƙaurin tuwon da ya kama shi ne damuwarta. Ita ce fa wadda na yi kwana arba'in ina dafa wa ruwan wankan jego, hayaƙi na cin idona! Har yau in na ji ƙaurin tuwo sai gabana ya faɗi. Na yafe mata, amma abin da ya fi yi min ciwo shi ne na gaskata ta. Na miƙe ina jiri, na kwashe tuwon, ni ce har da ba da haƙuri.

Don Allah ki je a auna jininki. Nawa ya yi ƙasa sosai ban sani ba. Likita ta tambaye ni awa nawa nake barci, na ce huɗu, ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla 7. Kukan nan kuwa, in ya wuce mako biyu kullum ranki a ɓace, abinci ba daɗi, ki faɗa wa likita, ciwon damuwa ne kuma ana warkewa. Kada sunan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau ko Barnawa ko Kware ya tsorata ki, masu damuwa irin tamu ma suna zuwa a duba su su koma gida.

Batun imani, ki tuna igiyar da Nana Zainab ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci don ta riƙe in ta gaji da sallar dare. Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Sallah ke nan fa, ina ga wanke-wanke? Ranar da malamarmu ta Islamiyya ta karanto mana hadisin nan kuka na yi a cikin aji.

Yanzu bayan Azahar nakan rufe ƙofa in yi ƙailula ta rabin awa, waya a kashe. Kwanuka su jira. Yaranki maza ma ki koya musu shara, ba 'yan mata kaɗai ba. Maigida kuma ki zaunar da shi ki ce masa kin gaji, ni nawa sai da ya ga takardar asibiti ya yarda. Maganar da ba za ki iya faɗa wa ƙanwarki ba in ta gaji, ki daina faɗa wa kanki.

Wai autanki watansa nawa? In bai shekara ba ki gaya wa likitan, don wani lokaci daga haihuwar abin ke farawa. Allah Ya yaye miki.