Injin tuƙin kwalekwale na motsa jiki mai araha: in ɗauko guda 40 daga Chaina?

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan motsa jiki a Kano ya turo tambaya, yace: "Malam barka da aiki. Ina sayar da keken motsa jiki da injin gudu, yanzu ejan ɗina na Chaina ya turo min hoton injin nan na tuƙin kwalekwale, wanda ake zama a ja igiya kujera tana gaba tana baya. Yace akwai araha sosai in ɗauki guda 40. Suna da ƙarko kuwa, kuma zan ga riba?"

Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara buɗi. Kafin maganar 40, koma wajen ejan ɗin nan ka tambaye shi wane iri ne, don injin nan kala huɗu ne kuma a hoto duk kyau gare su. Akwai mai fanka da ke aiki da iska, akwai mai tankin ruwa, akwai mai maganaɗisu, sai kuma mai fistin irin shokazoba na mota. In yace maka mai araha sosai to inaga na ƙarshen nan ne, kuma shi ne bazan baka shawarar ka taɓa ba. Man da ke cikin fistin ɗin zafi yake ɗauka, mutum na ja minti 15 ko 20 sai yaji abin ya saki ba nauyi, a hankali robar bakinsa ta gaji ya fara yoyon mai a kan kafet ɗin Hajiya, to ka haɗa wannan da zafin Kano na watan Afrilu ka gani. Kuma ba buɗe shi ake a gyara ba, sai dai a canza fistin gaba ɗaya, a ina zaka samo? Araha bata ado, wannan kam ko kyauta aka baka sai ka yi tunani.

Mai maganaɗisu shi ne wanda ake iya kasuwanci da shi a cikin masu arahar. Ba ƙara, baya shan wutar NEPA sai ɗan batirin mita, kuma maganaɗisun baya goguwa da komai balle ya cinye. Amma fa ba nan yake mutuwa ba. Abin da ke kashe shi ƙananan abubuwa ne: igiyar da ake ja ta tsinke, roba ko sifirin da ke mayar da igiyar ciki ya saki, tayoyin ƙarƙashin kujera su cinye boris ya fara ƙara, matakin ƙafa na roba ya tsage. Kayan da duka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma in babu su inji ya zama wajen shanya tawul, kwastoma kuma ya dawo shago yana kumfar baki. Shi yasa duk wanda zai baka injin nan ba tare da safaya ba, rigima ya sayar maka.

Bari in baka ma'auni. Concept2, kamfanin Amurka ne a jihar Vermont, 'yan'uwa biyu suka kafa shi a 1976 suna ƙera filafilin tuƙi, injinsu na farko ya fito 1981 kuma da wilin keke suka haɗa shi. Yau kuɗin nasu kusan dala 1,000 ne a can, yana ɗaukar mutum har kilo 227, sarƙar ƙarfe ce da shi ana sa mata mai duk bayan awa 50 na aiki, kuma kamfanin na sayar da kayan gyaransa ɗaya bayan ɗaya. Shi yasa na hannu ma baya faɗuwa warwas a kasuwa. Masu arahar kuwa da ake sayarwa dala 100 zuwa 300, yawanci kilo 100 zuwa 120 aka rubuta a jikinsu. Yanzu ka tuna su waye ke shigowa shagonka neman irin wannan, ba 'yan samari masu cikin fara bane, Alhazai ne da Hajiyoyi da likita yace su rage tumbi saboda suga ko hawan jini. Mai kilo 115 ya hau injin da iyakarsa 120 kullum, wata nawa kake ba tayoyin kujerar? Ka duba tsawon layin da kujera ke gudu a kai ma, masu arahar gajeru ne, dogon mutum baya iya miƙe ƙafarsa.

Mai ruwa kyakkyawa ne a falo, ƙarar ruwan ma daɗi, sai dai in tanki ya tsage shikenan, kuma ruwan na yin gansakuka in ba'a jefa masa ƙwayar tsaftacewa. Bar shi sai wanda yayi oda ya biya rabi.

Wani tarko kuma, masu buɗe gidan motsa jiki zasu zo su ce ka basu guda biyar a rage musu. Kar ka yarda wallahi. An yi injin ne don mutum ɗaya ko biyu su ja rabin awa a gida, a can kuwa mutum 20 zasu hau a yini, wata uku ya kwanta, kuma galibi garantin masu ƙerawa baya aiki in an sa shi a wajen haya. Sunanka ne zai ɓaci ba na ejan ba.

Sai maganar kasuwa ita kanta, wadda na fi jin tsoro ma fiye da ƙarkon. Mutanenmu sun san keke sun san injin gudu, wannan kuwa sai ka zauna ka nuna musu yadda ake turawa da ƙafa kafin a ja da hannu, in ba haka ba mutum ya ja da baya ya kwana da ciwon ƙugu yace inji ne mugu. Kayan da sai an yi bayani baya gudu. Ga kwalinsa dogo, kuɗin jirgi kuma da girman kwali ake lissafa shi ba nauyi kaɗai ba, ga kwastam ga motar Legas zuwa Kano, ga dala da bata zama wuri ɗaya. Ka kulle jari a guda 40 su yi shekara a sito alhali kuɗin da keke ne da sun juya sau biyu ko uku.

Ni da ni ne, guda 6 zuwa 8 zan sa a cikin kwantenar da nake kawo kekuna, duk masu maganaɗisu, wanda layinsa ƙarfe ne ko alminiyam mai kauri, kuma in ce a rubuta min a takardar ciniki cewa kowane inji zai zo da ƙarin igiya, sifirin, saitin tayoyi da matakin ƙafa. Ɗaya a haɗa shi a shago, yaranka su riƙa ja kullum har wata biyu, ka sa mafi ƙiba cikinsu ya fi kowa hawa, kar a rufe shi lokacin hunturu don ka ga abin da ƙura zata yi wa layin da boris. Kwastoma kuma ka ce masa garantin wata shida ne a kan ƙananan kaya, ya riƙa goge layin da tsumma bayan ya gama. In an shekara ka ƙirga nawa suka fita nawa suka dawo, ka turo min lissafin mu ga ko za'a ƙara.