Ɗana ya dage sai karatun zane: akwai abinci a ciki?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Aboabo, Kumasi. Ɗana ya gama sakandare, ya ce shi zane zai karanta a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi. Mai rubuta allon shago da na sani tun ina yaro yanzu zaman kashe wando yake yi. Wane amfani zane ke yi wa jama'a a yau?

Amsa: Alhaji, abin da idonka ya gani gaskiya ne. A da, mai zane ɗan aike ne. Mai aski na son allon kawuna a ƙofar shago, direban trotro, wato motar haya, na son a rubuta masa addu'a a bayan mota, masu gidajen bidiyo na shekarun 1980 da 1990 kuma suna ba da kwangilar zana tallar fim a kan buhun fulawa. Mu ma a zango muna da namu: zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani, da aska takwas a ƙirjin babbar riga. Injin buga hoto ya cinye yawancin aikin allon shago, kuma aikin ba zai dawo ba.

Amma yau mai zane ya fara magana da bakinsa, ba sai an aike shi ba. Dubi Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, wanda ya yi karatu a wannan jami'ar da ɗanka ke so. Tsofaffin buhunan koko yake tarawa, waɗanda suka gama ɗaukar koko suka koma ɗaukar gawayi, duk sun yi baƙi, ga faci, ga sunayen 'yan kasuwa a jikinsu. Sai a ɗinke su wuri guda a lulluɓe katafaren gini. A 2015 ya yi haka a baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan dako a kasuwar Kejetia yana haɗa gumi, ya tsaya gaban buhunan nan, ba sai an yi masa bayani ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin da ya samu bai tsaya a Turai ba: a 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale, daga baya kuma a wata cibiyar tasa har tsofaffin jiragen sama ya mayar ajujuwan yara.

Sai dai kada in yi maka romon baka. Irin Mahama ƙalilan ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka gama karatun nan suna cin abinci ne daga zanen kwamfuta, tsara atamfa, kwalayen kaya da koyarwa. Injin da ya kori tsohon mai allo, ai sai wani ya tsara masa abin da zai buga.

Shawarata, ka bar shi ya je, da sharaɗin ya koyi zanen kwamfuta tun shekarar farko. In batun zana masu rai ne ke damunka, ku je wurin malaminku tare, ya kuma tafi da littafin zanensa malam ya gani.