Tambaya da Amsa: Wace Irin Kujera Ta Dace da Ma'aikacin Masana'anta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da ma'aikata a wata masana'anta da ke da sashen ɗinki da kuma sashen harhaɗa kayan lantarki a kan dogayen bencuna. Bara muka sayo kujerun ofis masu laushi da tayoyi domin mu sauƙaƙa wa mutane, amma har yanzu ba a daina kukan ciwon wuya da na ƙugu ba, kuma yawancin kujerun sun yayyage. Me ya kamata mu duba kafin mu sake sayen wasu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Niyyarku kyakkyawa ce, sai dai kun fara da kujera, alhali da benci da aikin da ake yi a kansa ya kamata a fara. An ƙera kujerar ofis ne domin mutumin da ke zaune gaban tebur mai tsayin kimanin santimita 72 zuwa 75, yana jingina da baya yana kallon allon kwamfuta. Mai ɗinki kuwa da mai harhaɗa ƙananan kaya gaba suke sunkuyawa, hannuwansu na aiki ba hutawa, kuma sau da yawa bencinsu ya kai santimita 90 ko fiye. Idan aka ajiye gajeriyar kujera a gaban dogon benci, dole ma'aikaci ya ɗage kafaɗunsa tun safe har yamma, kuma daga nan ciwon wuyan da kuke ji yake samo asali, komai laushin soson da yake zaune a kai.

Saboda haka ma'aunin farko shi ne gwiwar hannu. A zaunar da ma'aikaci, ya saki kafaɗunsa, ya lanƙwasa hannu, sannan a ɗaga ko a sauke kujerar har sai wurin da yatsunsa ke aiki ya zo daidai da gwiwar hannunsa. A lura, ba saman bencin ake nufi ba, wurin da hannu yake taɓa aikin ake nufi, wanda kan iya zama saman wata na'ura da aka ɗora a kan bencin. Aiki mai bukatar ƙura ido, kamar liƙa ƙananan wayoyi da dalma, yana son ya ɗan ɗara gwiwar hannu da santimita 5 zuwa 10 domin kada wuya ya yi ta lanƙwashewa. Aikin da ke bukatar danna abu da ƙarfi yana son ya kasance ƙasa da ita, kuma idan nauyin ya yi yawa, gaskiyar magana ita ce a tsaye ya fi dacewa a yi shi.

Bayan an daidaita hannu sai a dubi ƙafa. Idan kujera ta hau sama har tafin ƙafa ya bar ƙasa, bakin mazaunin zai riƙa danne ƙarƙashin cinya, jini ya kasa gudana yadda ya kamata, ƙafafu su yi nauyi ko su kumbura. Maganin wannan shi ne matakin ɗora ƙafa mai faɗi wanda ake iya ɗagawa da saukewa. Zoben ƙarfen da ke kewaye da ƙafar dogayen kujeru yana da amfani wajen hawa da sauka, amma ni a ganina bai isa wurin ajiye ƙafa na awa takwas ba, domin yana janyo ƙafafu baya. Haka kuma a tabbata akwai sarari a ƙarƙashin bencin da gwiwoyi za su shiga. Sau da yawa akan cika wurin da akwatuna ko aljihun tebur, sai ma'aikaci ya zauna a karkace yana miƙa hannu, kuma babu kujerar da za ta gyara wannan.

Game da mazaunin kansa, a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin bakinsa da bayan gwiwa, kuma bakin ya kasance mai lanƙwasa zuwa ƙasa, ba mai kaifi ba. Ga masu sunkuyawa gaba, mazaunin da ake iya ɗan karkatar da shi gaba yana taimakawa ƙwarai, domin yana buɗe kusurwar da ke tsakanin cinya da ciki, ƙashin baya ya riƙe lanƙwasarsa ta asali. Tun a shekarun 1960 likitan ƙashi na ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya nuna cewa zama a sunkuye ba tare da majingina ba yana ɗora wa ƙugu nauyi fiye da tsayuwa. Majinginar da ta dace da irin aikinku gajeriya ce, mai tokare ƙugu, wadda ba ta hana kafaɗa da hannu juyawa. Hannun kujera kuwa a mafi yawan lokuta cikas ne a sashen ɗinki, don yana bugun bakin tebur ya hana mutum matsawa kusa.

Tayoyi su ne kuskurenku na biyu. Mai ɗinki yana taka feda, kuma duk lokacin da ya taka, kujera mai taya takan zame baya, sai ya riƙa ƙanƙame jikinsa don ya tsayar da ita ba tare da ya ma sani ba. Ya kamata kujerarsa ta zama mai ƙafafu biyar marasa taya. Doguwar kujera mai tayoyi sakakku kuma haɗari ce, domin takan kuɓuce yayin da mutum ke ƙoƙarin hawa; idan lallai ana bukatar matsar da ita, akwai tayoyin da ke kulle kansu da zarar an zauna. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan masu ɗinki a masana'antun tufafi na birnin Los Anjalas a Amurka ya gano cewa kujerun da ake iya daidaita tsayinsu, masu lanƙwasasshen mazauni, sun rage ciwon wuya da kafaɗa.

Yagewar da kuka gani kuwa laifin yadi ne. Yadi yana shan maiko da ƙura, ba ya jure gogayyar kayan aikin da ke aljihun ma'aikata. Roba mai tauri ta foliyuritan ta fi ƙarko, ana goge ta da tsumma. A sashen lantarki akwai ƙarin sharaɗi: gogayyar tufafi da kujera tana tara lantarki a jikin mutum wanda zai iya lalata ƙananan sassa ba tare da an ga alama ba, don haka a nemi kujeru masu alamar ESD, waɗanda ke zubar da wannan lantarkin zuwa ƙasa, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 61340-5-1. Kafin ku sayi da yawa, ku karɓi biyu ko uku, ku ba mafi tsayi da mafi gajarta a cikin ma'aikatanku su yi mako guda a kansu, kuma ku tabbata kowa na iya juya maɓallan daidaitawa yana zaune, musamman idan ana karɓa-karɓar aiki a kan kujera ɗaya.

Tambaya: Ni matashi ne mai aiki a gaban injin da sai na riƙa tashi ina ɗauko kaya kusan kowane minti biyu. Tsayuwa na gajiyar da ni, zama kuma ba ya yiwuwa. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Abin da ya dace da kai shi ne kujerar jingina a tsaye, wato dogon mazauni ƙarami mai karkata gaba, wanda kake ɗosana jikinka a kai ƙafafunka na ƙasa. Yana ɗauke wa ƙafafu wani kaso na nauyin jiki, kuma tashi daga kansa ba ya bukatar yunƙuri. Sharaɗinsa biyu ne: gindinsa ya kasance ba ya zamewa, kuma daɓen wurin kada ya zama mai santsi, tunda ƙafafunka ne ke tokare ka. Idan daɓen siminti ne, ka nemi a shimfiɗa maka tabarmar roba mai ɗan laushi a inda kake tsayawa, sannan a matso da kayan da kake ɗaukowa kusa da hannunka domin kada ka riƙa murɗa ƙugu duk lokacin da ka juya.