Dashen fata ga yaron da ke jinyar sankarar jini

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai yana karɓar maganin sankarar jini, sai ya ƙone a hannu, likitoci kuma sun ce sai an yi masa dashen fata. Tunda maganin ya raunana garkuwar jikinsa, anya fatar za ta kama? Ko in ba da tawa a dasa masa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Idan daga cinyarsa aka yanko fatar, garkuwar jikinsa ba za ta yaƙe ta ba, domin ta san tata ce. Abin da ke damuna a irin yanayinsa shi ne jini da ƙwayoyin cuta. A kwana biyun farko, fatar da aka shimfiɗa ba ta da jijiya ko ɗaya da ke kawo mata jini, ruwan da ke tsattsafowa daga raunin kawai take tsotsa, sai daga baya ƙananan jijiyoyi su haɗu, jini ya fara gudana a cikinta cikin kusan mako guda. Idan ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun yi ƙasa, jini yakan taru a ƙarƙashinta ya ɗaga ta, ta yi baƙi ta mutu. Shi ya sa likitoci kan so adadinsu a gwajin jini ya kai 50,000 kafin tiyata, su kuma jira fararen ƙwayoyin jini su farfaɗo tsakanin zagayen magani, don kada raunin ya yi mugunya.

Fatarki kuwa, duk da ke kika haife shi, baƙuwa ce a jikinsa. Tun a 1943 masu bincike Thomas Gibson da Peter Medawar suka nuna a birnin Glasgow na Scotland cewa garkuwar jiki ce ke zubar da fatar wani. A jikin mai lafiya ba ta cika wuce mako biyu ba. A jikin ɗanki za ta iya daɗewa fiye da haka saboda raunin garkuwarsa, amma rufi ne na wucin gadi, da zarar garkuwar ta dawo za ta saɓule. Daga cikin wuraren da aka ga fatar wani ta zauna dindindin akwai jikin wanda aka riga aka yi wa dashen ɓargo daga mai fatar.

Ina ba ki shawara ki tabbatar likitan jini da likitan tiyata sun tsayar da ranar aikin tare. Bayan an yi, kada hannun ya motsa ko ya gogu, kuma ko zazzaɓi kaɗan kika ji a jikinsa, ki sanar da su nan take.