Me ya sa Holan ta bar taɓon Wadden ba ta cike shi ba?

Malam, ka tambaya me ya sa ƙasar da ta shahara wajen ƙwace fili daga bakin teku ta ƙyale wannan taɓo na arewacinta haka nan. Ai ta gwada irin wannan a wani wurin. A 1932 ta datse Zuiderzee, wani sashen teku da ya kutsa cikin ƙasarta, da madatsar Afsluitdijk mai tsawon kilomita 32, ruwan gishiri ya koma tafkin IJsselmeer, daga baya aka busar da wani sashe aka yi gonaki da garuruwa.

Wadden kuwa, wato teku marar zurfi da ke tsakanin gaɓar arewacin Holan da tsibiranta, daban yake. Sau biyu a rana ruwa ke janyewa, sai ka ga taɓo da yashi iya ganinka, har mutane su taka da ƙafa zuwa wasu tsibirai tare da ɗan jagora. Cikin taɓon nan tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi ne fal, su ne abincin tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 da ke yada zango a can kowace shekara. Da yawansu daga nan suke wucewa zuwa gaɓar Muritaniya da Gini Bisau su yi hunturu. A cike wurin, a yanke musu guzuri.

Shi ya sa yake ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta kare dausayoyin duniya, wadda dausayin Nguru ma ke cikinta. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2009, ɓangaren Holan da Jamus, Denmark ta biyo a 2014.

Amma fa kariyar ba ta hana haƙo iskar gas a ƙarƙashinsa ba, abin da ni dai nake gani tufka da warwara ne.